Matsalar Karɓaɓɓen Matani a Wasannin Ƙagaggen Kimiyya na Talabijin

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sha'awar wasannin ƙagaggen labarin kimiyya na talabijin a Amurka da Ingila. Gardamar ta ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: idan labari ya shekara hamsin ana ba da shi, marubutansa kuma suna ta sauyawa, wane ɓangare nasa ne ya auku, wane ne kuma bai auku ba? Mai karatu yana iya cewa ai dukkansa ƙage ne. Haka ne. To, amma manazarcin adabi ya san cewa ƙage ma yana da tasa gaskiyar, wadda idan aka saɓa mata sai mai sauraro ya ji an yaudare shi.

Kalmomi biyu ne jigon gardamar. Ta farko ita ce canon, wadda a nan muka fassara da karɓaɓɓen matani. Asalinta daga Girkanci ne, inda take nufin sandar awo, kuma daga nan ne Larabci ya sami kalmar ƙanun. Malaman coci sun yi amfani da ita wajen kiran jerin littattafan da aka amince da su. Masu sha'awar labaran Sherlock Holmes ne suka jawo ta cikin adabin nishaɗi, bayan da Ronald Knox ya gabatar da wata takarda ta barkwanci a Oxford a 1911, inda ya yi wa labaran irin nazarin da ake yi wa littattafan addini. Ta biyu ita ce continuity, wato jituwar sassan labari, kada na yau ya ƙaryata na jiya. Shi kansa marubucin Holmes bai tsira ba: raunin yaƙin da Watson ya samu a kafaɗa yake a littafin 1887, amma a na 1890 ya koma ƙafa.

Bari mu ɗauki Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙiro, aka nuna a tashar NBC daga 1966 zuwa 1969. A cikinsa akwai wata al'umma ta mayaƙa da ake kira Klingon. A wancan zamani goshinsu sumul yake kamar na kowa, domin kuɗin shirin ba su kai ga kwalliya mai tsada ba. Da aka yi fim na farko a 1979, kuɗi sun samu, sai ga su da goshi mai tudu-tudu kamar kunyoyin gona. Dalilin a fili yake, kuma a wajen labarin yake. Sai dai masu sha'awa ba su gamsu ba. So suke a ba su dalili daga cikin labarin.

An amsa musu sau biyu, kuma bambancin amsoshin nan abin lura ne. A 1996, a wani kashi na Deep Space Nine, taurarin shirin sun koma baya cikin zamani, aka haɗa hotunansu da na wani kashi na 1967. Da abokan tafiya suka ga Klingon masu sumul ɗin goshi, suka juya ga Worf, wanda shi ma Klingon ne, ya ce wannan batu ne da ba sa tattaunawa da baƙi. Shi ke nan. Marubutan sun amince akwai ɓaraka, suka yi mata dariya, suka wuce. A 2005 kuwa, shirin Enterprise ya ɓata kashi biyu cur yana bayanin cewa wani gwaji ne na ƙwayoyin halitta ya haifar da annoba wadda ta shafe tudun goshin. A ganina amsar farko ta fi ta biyu, domin ta biyun ta mayar da ƙarancin kuɗin masu kwalliya ya zama tarihin al'umma guda. Ɗinkin ma bai daɗe ba: a 2017 shirin Discovery ya sake sauya musu kama, gardama ta dawo sabuwa.

A nan ne za a ga cewa batun ya wuce goshi, ya koma ga wanda yake da ikon yanke hukunci. Ƙa'idar da masu Star Trek suka daɗe a kanta ita ce, abin da ya fito a talabijin ko silima shi ne karɓaɓɓe, ɗaruruwan littattafan da aka buga da izininsu kuwa ba sa ciki. Ko wannan ƙa'ida ma ta yi rawa, don a ƙarshen shekarun 1980 ofishin Roddenberry ya ware shirin zane mai motsi na 1973 zuwa 1974, alhali yawancin 'yan wasan asali ne suka ba da muryoyinsu a ciki. Daga baya marubuta suka riƙa ɗebo abubuwa daga gare shi ba tare da neman izinin kowa ba. Wato hukuncin mai mallaka yana sauyawa gwargwadon buƙatarsa, shi kuwa mai kallo da ya kashe kuɗinsa da shekarunsa sai ya wayi gari an ce abin da ya sani bai auku ba. Wannan ne tushen zafin ran, ba wauta ba ce kamar yadda wasu ke zato.

Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa a Nuwamba 1963, ya bi wata hanya dabam, domin tashar ba ta taɓa fitar da jerin karɓaɓɓen matani ba. Shirin ya ba da bayani uku mabambanta a kan halakar tsibirin Atlantis, a 1967 da 1971 da 1972, bai kuma damu ya sasanta su ba. Hasali ma, babbar dabararsa daga larura ta fito: da rashin lafiya ya hana William Hartnell ci gaba a 1966, sai aka ce tauraron yana iya sabunta jikinsa, Patrick Troughton ya karɓa. A 1976 aka ƙayyade sabuntawar ga sau 12. Da adadin ya cika a 2013, aka ƙara masa wasu. A 2020 kuma aka ce ya yi rayuwa da dama tun kafin Hartnell. Wannan na ƙarshe ya raba kan masu sha'awa ƙwarai. Rashin alƙali bai kashe gardamar ba, illa dai ya bar kowa da nasa hukuncin.

Akwai kuma wani abin mamaki game da wannan shiri, shi ne matanin da ake jayayya a kansa bai cika ba. BBC ta riƙa goge faya-fayanta har zuwa 1978, ga shi kuma kashi fiye da 90 na shekarun 1960 sun salwanta. Da yawa daga waɗanda aka ceto, kwafin da aka sayar wa tashoshin ƙetare ne. A 2013 aka sanar da gano kashi 9 a wata tashar talabijin da ke Jos, na labaran The Enemy of the World da The Web of Fear. Kashi na uku na labarin na biyu, inda Lethbridge-Stewart, ɗaya daga cikin fitattun taurarin shirin, ya fara bayyana, ba ya cikin waɗanda aka dawo da su. Muryoyinsa kaɗai suka rage tare da wasu hotuna marasa motsi, kuma muryoyin nan masu kallo ne suka naɗe su da rikoda a gidajensu ranar da aka nuna shi a 1968.