Idan piriz ta daina ba da wuta

Piriz ita ce ramin bango inda ake jona rediyo ko fitila. Wutar Nigelec tana da ƙarfin volt 220, kuma tana iya kashe mutum nan take. Batirin hasken rana na gida galibi volt 12 ne, amma in an haɗa shi da na'ura mai ƙara ƙarfi, wutarsa ta zama 220.

In piriz ta mutu, ku bi wannan tsari:

1. Ku jona wata fitila da kuka tabbata tana aiki. In ta kama, laifin na rediyon ne.
2. Ku duba sauran ɗakuna da maƙwabta. Wataƙila an ɗauke wuta ne.
3. Ku duba babban maɓalli na kusa da kwanter. In ya faɗi, kaya sun yi yawa ko waya ta lalace. Ku cire kayan, sannan ku ɗaga shi. In ya sake faɗuwa, ku bar shi.
4. Masu batiri su duba cajinsa da fizibil. In fizibil ya ƙone, a sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kada a ɗaura waya a madadinsa, gobara ke nan.

Piriz mai baƙi ko warin ƙuna aikin mai gyaran lantarki ce. Kada ku taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, ku nisanta yara.

In wuta ta kama mutum, kada ku riƙe shi. Ku kashe babban maɓalli, ko ku raba shi da wayar da busasshen icce, ku kai shi likita.