Karen Yaƙi a Wasannin Kwamfuta

A wasan dabarun yaƙi, mai wasa ba soja ba ne, sarki ne. Shi ke tara abinci da itace da zinariya, ya gina bariki, ya horar da mayaƙa, sannan ya tura su fagen fama. Kowane rukunin mayaƙa da kuɗinsa, da wanda yake iya kayarwa, da wanda ke kayar da shi. 'Yan mashi suna tare dawakai, dawakai suna tattake maharba, maharba kuwa daga nesa suke ɗauke 'yan mashi ɗai-ɗai. Cikin wannan lissafi ne masu tsara wasanni suka nema wa kare gurbi.

Inda ya fi yin suna shi ne Rome: Total War, wanda kamfanin Creative Assembly na Ingila ya fitar a 2004. Rumawa a wasan suna da rundunar karnuka: mutane kaɗan, kowanne riƙe da nasa. Da zarar an saki karnukan, shi ke nan, sun fita hannun mai wasa. Ba ya iya kiransu, ba ya iya juya su. Duk abokin gaban da suka tarar za su afka masa har sai sun ƙare ko yaƙin ya ƙare. Amma muddin masu riƙonsu na raye, a yaƙi na gaba za a tarar da karnukan sun cika cif, ba tare da an biya ko sisi ba. Shi ya sa gwanayen wasan ke sakin karnuka, nan take su janye mutanen zuwa bayan daga. Karnukan kan yi ɓarna a kan marasa sulke da masu gudun tsira. In aka haɗa su da sojan da ya sha ƙarfe daga kai har gwiwa kuwa, asara ce kawai.

Tarihi bai ba wa wannan hoto goyon baya sosai ba. Marubutan Girka sun ambaci Alyattes, sarkin Lidiya a ƙasar Turkiyya ta yau, cewa ya saki karnuka a kan maharan da suka addabe shi, kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Strabo ma ya ce daga Birtaniya ake fitar da karnukan farauta, kuma wasu ƙabilu na kai su yaƙi. Su dai Rumawa, gadi suka fi sa kare. Waɗanda suka mai da shi makami na gaske su ne Sifaniyawa a nahiyar Amurka. Balboa, wanda ya ƙetare Panama a 1513, yana da kare mai suna Leoncico da ake ware wa kason ganima kamar kowane soja. Daga nan ne Age of Empires III na 2005 ya ba jagoran Sifaniyawa ikon horar da karnukan yaƙi. Abin da wasan bai tsaya nunawa ba shi ne waɗanda aka riƙa cuna wa karnukan nan: mutanen ƙasa ne, yawancinsu ba sulke ba garkuwar kirki.

Wasannin tatsuniyoyi ba su da wannan nauyi. Age of Mythology na 2002 ya ba Misirawa mayaƙa masu kan dila, masu dira kan abokin gaba da tsalle ɗaya, ƙarin da aka yi masa a 2003 kuma ya kawo Cerberus, ƙaton karen Girkawa mai kai uku. Sai dai a cikin wasan akwai wani ɗan abu da ya fi waɗannan duka kusa da gaskiya. Mai wasa na iya sayen karnukan farauta tun da wuri. Ba zai ga kare ko ɗaya a fili ba; abin da zai gani kawai shi ne mafarautansa sun fara kawo nama da sauri. Wanda ya yi jinkirin saye har namun dajin suka ƙare, kuɗinsa ya tafi a banza. Ba a kiwon kare ranar farauta.

Wanda ya taɓa ganin farautar rani a karkarar Talata Mafara ko Bakura ba ya bukatar bayani a nan. Bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, mafarauta kan fita a jere da gora da kere da adda, karnuka a igiya, sirara, wani da laya a wuya. Zomo na tashi sai a saki igiya, kowa na kiran sunan nasa da ƙarfi. Daga wannan lokaci mai kare ba shi da sauran iko sai gudu, don ya isa kafin wani ya ce karensa ne ya fara kamawa. Gardamar da ke biyo baya takan fi zomon girma. Horon da aka yi wata da watanni shi ne ke aiki a wannan minti guda. Malaman Malikiyya ma a wannan gurbi suka ajiye kare: farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona.

A watan Agustan 2021 aka ƙara Hausawa cikin sabon zubin Age of Empires III, Sarauniya Amina ce jagora, Kano ce babban birni. Ƙarfin rundunarsu a kan doki aka ɗora shi, da barade masu lifidi da maharban Fulani. A nan masu tsara wasan sun yi daidai. Yaƙe-yaƙen Zamfara da Gobir, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808, da doki da baka da mashi da takobi aka yi su. Kare yana gida yana gadi, kuma har gobe aikinsa ke nan a ƙauyukan Maradun, inda rashin tsaro ya sa shiga daji ya yi wuya, haushin dare kuwa ba a wasa da shi.

In ka sami rundunar karnuka a wasa, kada ka tura ta gaban masu sulke. Jira sai sahun abokan gaba ya karye, ka sake su, ka kuma tsare masu riƙonsu.