Wutar kara da fulogin motar tsere

Duk macen da ta saba girki a murhu ta san itace da kara ba su da lokaci ɗaya. Itace sai an hura shi da wuri, a ba shi hanya ya kama. Kara kuwa, musamman ranar da iska ke kaɗawa, kafin ta juya baya ya tashi, kuma idan ta kunna shi a lokacin da ta saba kunna itace, tuwo zai yi ƙauri tun maigida bai dawo ba.

Abin da ke faruwa ke nan a cikin injin motocin tseren kwata mil na Amurka, waɗanda ake ɗaura wa tulun iskar naitiros. Wannan iska, da zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyos, sai ta rabu ta saki oksijin. Kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 ne. Fetur sai ya ci da sauri, kamar kara. Idan fulogi ya ba da wuta a lokacin da ya saba, ƙarfin fashewar zai tari fistan yana kan hawa, ya doke shi a ka. Shi ya sa ƙa'idar da bakanikai suka riƙe ita ce a ja tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, baya da kusan digiri 2 kan kowane ƙarfin doki 50 da aka ƙara.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mai mota, da inji ya fara tari lokacin da ya danna maɓallin naitiros, yake zargin akwatin ba fulogi wuta da ya saya, irin MSD 6AL, ya cire ya sayo wani. Sau da yawa akwatin lafiyarsa ƙalau. Ashana ce ke mutuwa a iska, kuma mai girki ba ta jefar da kwalin, sai ta kare da tafin hannu ta matso da tsinken kusa da karan. Haka fulogi: matsi ya ƙaru a silinda, tartsatsi ya kasa tsallake bakin da ya saba. A matse bakin zuwa kusan milimita 0.8, a sa fulogi mai saurin hucewa, wanda bakinsa ba zai yi ja ya kunna fetur da kansa ba.

Daga nan sai wayoyi. Jar waya da baƙa masu kauri na akwatin su tafi kai tsaye kan batir, domin bawul ɗin naitiros da na fetur suna jan lantarki da zarar sun buɗe, akwatin ya rasa abin ci daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Siririyar wayar da ke gaya wa akwatin lokacin kunnawa kuma a nisanta ta da wayoyin fulogi, kada ta ɗauki saƙon ƙarya.

Bayan kowane gudu a kashe inji nan take, a kwance fulogai duka, kada a duba ɗaya a wuce. Idan an ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jikin farin tangaran na fulogi, fistan ne ya fara narkewa. A rufe tulun, a ƙara jan tayimin baya, a duba ko fetur yana isa kafin a sake komawa kan layi.