"Ai Tsufa Ne": Amsar da Ke Hana Iyayenmu Samun Magani

A kusan kowane gida akwai amsa guda da ake ajiye wa duk wani canji da aka gani a jikin dattijo. Baba ya daina fita masallaci da asuba saboda ba ya ganin hanya, sai a ce ai tsufa ne. Inna ta tambayi inda carbinta yake sau biyar kafin azahar, ai tsufa ne. Alhaji yana tashi fitsari sau shida a dare, Hajiya ta zame a banɗaki karo na biyu cikin wata ɗaya, duk amsar ɗaya ce. Da ita ake rufe magana, a yi addu'ar Allah Ya sa a gama lafiya, kowa ya kama gabansa.

Tsufa gaskiya ne, kuma kowa ya daɗe zai ga daɗau. Sai dai da yawa daga abubuwan da muke jingina masa cututtuka ne masu suna, waɗanda likita zai iya ganowa, ya warkar da wasu, ya rage wahalar wasu. Ɗan da ke son ya cika haƙƙin iyayensa a wannan zamani yana buƙatar ya san bambancin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050, kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wannan ƙari yana zuwa ne a daidai lokacin da gidan gandu ke watsewa. A da tsoho yana zaune tsakiyar 'ya'ya da surukai da jikoki, ko tari ya yi akwai mai ji. Yau babban ɗa yana Abuja, na biyu yana Legas, 'yan matan suna gidajen aurensu. Ana tura kuɗi ta waya ƙarshen wata, a kira a gaisa, Baba ya ce lafiya lau, domin dattijo ba ya son ya ɗora wa ɗansa damuwa. Ga shi mafi yawan iyayenmu manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda dokar fansho ta 2004 ba ta taɓa shafa ba. Fanshonsu 'ya'yansu ne.

Cututtukan da ke ɓuya a bayan tsufa

Hawan jini ne kan gaba, domin yakan yi shekaru yana ɓarna ba tare da ciwon kai ko jiri ba. Idan awo ya riƙa kai 140/90 ko ya haura, akwai buƙatar ganin likita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sha magani wata ɗaya, a ga jiki ya yi daɗi, a ajiye. Maganin hawan jini na kullum ne, kuma rage gishiri da dunƙulen miya yana taimaka masa. Ƙarshen sakaci da shi sau da yawa shi ne shanyewar ɓarin jiki. Idan baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. A irin wannan lokaci kowace sa'a tana da tsada, don haka asibiti ake nufa nan take, a yi addu'a a hanya. Kada a ɗura wa mara lafiyar ruwa ko rubutu, domin maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya, abin ya wuce huhu.

Sai ido. Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ta fi makantar da manya. Alhali aikin cire ta gajere ne, yawanci bai kai sa'a ɗaya ba, ana kuma yin sa a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Dattijon da ya shekara uku jika na ja masa sanda yana iya komawa karatun Alƙur'aninsa da kansa. Masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke sun makantar da mutane da dama. Hawan jinin ido kuwa daban yake: ganin da ya ɗauke ba ya dawowa, shi ya sa awon ido a kai a kai ke da amfani ko ba a jin komai.

Gigin tsufa

Mantuwa kaɗan tana zuwa da shekaru. Amma idan uwa ta ɓace a unguwar da ta shekara arba'in a ciki, ko ta daina gane 'yarta, ko ta dage cewa suruka na sace mata kuɗi, wannan cutar ƙwaƙwalwa ce. Fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita a duniya, kuma nau'in da ake kira Alzheimer, da sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906, shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita, amma sanin cewa cuta ce yana kashe rigingimu da yawa. Surukar da ake zargi za ta daina ɗaukar abin a zuci, 'ya'ya kuma su daina musu da mahaifiyarsu a kan abin da ƙwaƙwalwarta ba ta iya riƙewa.

Jahiltar wannan cuta na da haɗari. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare tana sambatu, a wasu wurare mayya ake kiranta. A arewacin Ghana har sansanoni ake da su, irin na Gambaga, inda tsofaffin matan da aka kora bisa zargin maita ke fakewa.

Akwai kuma ruɗewar da ke zuwa kwatsam, cikin kwana ɗaya ko biyu. Ita wannan sau da yawa zazzaɓi ne ke kawo ta, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar suga, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a zafin bazara, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Idan aka magance sanadin, hankali yakan dawo.

Gyaran gida da lura da magani

Faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a duniya duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Karayar ƙugu ɗaya tana iya kwantar da dattijo har ƙarshen rayuwarsa. Rigakafin ba shi da tsada: ƙarfen dafawa a banɗaki, kujerar zama maimakon tsugunno, fitila mai caji kusa da gado, ɗaki a ƙasa maimakon bene, da ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe. Wanda ya riga ya kwanta kuma a riƙa juya shi kamar duk bayan sa'a biyu, don kada gyambo ya fito masa a baya da ɗuwawu.

A duba ledar magungunan ma. Za ka tarar da na asibiti, da na kemis, da na gargajiya, da wanda maƙwabci ya kawo. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna lalata ƙoda, su jawo gyambon ciki. A kwashe ledar gaba ɗaya a kai wa likita ya tantance. Haka batun azumi ga mai ciwon suga: dattijo zai ce tun yana yaro bai taɓa sha ba. Nan ake buƙatar malami da likita su haɗu, su tuna masa cewa shari'a ta yi rangwame ga tsohon da ba zai iya ba, ya ciyar a madadin.

Wasu 'ya'yan kan ɗauko iyaye su dawo da su birni, su ajiye su a ɗaki mai sanyi da talabijin. Niyyar mai kyau ce, amma tsohon da aka raba da majalisarsa da masallacinsa da masu zuwa gaishe shi yakan yi shiru, ya rame. A tambaye shi abin da yake so tukuna.

Wa ke ɗauke da nauyin?

A yawancin gidaje jinya tana faɗawa kan mutum ɗaya, kuma galibi mace ce: matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida. Ita ke wanki, ita ke kwana ba barci, ita ce kuma ake ganin laifinta idan 'yan birni suka zo ziyarar yini ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su zauna su raba aiki a fili: wane zai biya magani, wane zai riƙa kai asibiti, wance za ta karɓi jinya mako guda don mai yi ta huta. 'Ya'ya maza su sani cewa yi wa mahaifinsu wanka da aski aikinsu ne. Kuma tun hankalin iyaye na nan, a yi maganar da ake jin nauyinta: bashi, ajiyar mutane, takardun gona da gida, da wasiyya.

Hukuma ta fara motsi, ko da yake a hankali. A 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Ibadan. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, a 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu raunin da ya kamata a tallafa wa. Yana da kyau iyali su je hukumar inshorar lafiya ta jiharsu su tambayi yadda za a yi wa iyaye rajista, tun kafin ciwo ya cinye jarin gida.

Duk da haka, babu hukumar da za ta lura cewa Baba ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga tabarma. Sai wanda ya zo ya kwana biyu, ya ci abinci tare da shi, ya ga nawa ya rage a kwano. Idan za ka je gida a wannan karon, ka haɗa da na'urar awon jini a cikin tsarabar, ka zauna ka auna shi da hannunka, sannan ka tambayi mai jinyarsa yaushe rabonta da barci mai kyau.