Leda Ɗaya ta Jini: Yaushe Mai Gudu Zai Koma Fili?

Matashi ya ba da jini da hantsi, an manna masa auduga a hannu, ya sha lemo ya tafi. Da la'asar sai ga shi a filin ƙwallo yana cewa ai garau yake. Minti goma da take wasa ya dafa gwiwa yana haki, idonsa na ganin duhu-duhu. Alƙaluma huɗu za su bayyana abin da ya same shi.

Mililita 450

Kimanin abin da ake ɗiba ke nan a leda ɗaya. Babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5, wato an rage masa kusan kashi 9 cikin 100. Shi ya sa ba a karɓar jinin wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, domin leda ɗaya ta yi wa ƙaramin jiki yawa.

Awa 24 zuwa 48

Fiye da rabin jini ruwa ne, kuma shi ke fara dawowa, cikin kwana ɗaya ko biyu idan ana shan ruwa sosai. Kafin ya cika ne hatsarin yake. Gudu yana janye jini zuwa ƙafafu da fata, gumi kuma yana ƙara ƙwashe ruwan da ya saura, sai abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, jiri ya biyo baya. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40. Don haka ranar da ka ba da jini, babu gudu, babu ɗaga ƙarfe, babu ɗaukar buhu.

Kwana 36

Jajayen ƙwayoyin jini su ne masu dakon iskar oksijin zuwa tsoka, kuma ɓargo ba ya ƙera su da gaggawa. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2008 ya gano cewa sinadarin himogulobin na jajayen ƙwayoyin da aka rasa yana komawa daidai a matsakaicin kwana 36. Wasu sun cike giɓin a kwana 20, wasu sai da suka kai 59. A nan ne jiki ke yaudarar mai shi. Tafiya da sassarfa ba sa buƙatar dukan iskar da jini ke iya ɗauka, saboda haka ba za ka ji komai ba. Sai ka taka da ƙarfi, ko ka hau tudu, numfashi ya gaza. Masu maguɗi a wasanni sun san wannan lissafi ta bayansa: Lance Armstrong, ɗan tseren keke na Amurka, ya amsa a 2013 cewa yana cikin masu ƙara wa kansu jini don su daɗe ba su gaji ba.

Miligiram 200 zuwa 250

Sinadarin ƙarfen da ke fita tare da leda ɗaya ke nan. Hanji kuwa miligiram 1 zuwa 2 yake tsotsa daga abinci a rana. Ko ya ninka ƙoƙarinsa, aikin watanni ne. Wannan ne dalilin tazarar da ake gindayawa kafin a sake ba da jini: a Najeriya wata 3 ga maza, wata 4 ga mata, a Amurka aƙalla kwana 56. Lemon malt da madara da aka saba saya wa mai ba da jini suna mayar da ruwa da kuzari, amma ƙarfen yana cikin hanta, jan nama, kifi, wake, zogale da alayyafo. A matsa lemon tsami a kai, a kuma jinkirta shayi bayan cin abinci, don yana rage tsotsar ƙarfen.

Abin yi

Ka huta ranar farko. Washegari ka fara da tafiya, sannan sassarfa, kana sauraron jikinka. Da ka ji jiri, ka kwanta ka ɗaga ƙafafu. Idan kana da gasar gudun famfalaki ko wasan ƙarshe a gaba, ka bari sai an kammala, ko ka ba da jinin wata biyu kafin ranar.

Saurin da ka rasa zai dawo cikin makonni. Mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, da yaro mai ciwon sikila, ba za su iya jira ba. Matasa masu lafiya, ku duba kalandar wasanninku, ku ware rana, ku je ku ba da jini.