Ƙa'idojin Waya, Imel da Intanet a Manyan Makarantun Zariya

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a watan Oktoba na 1962, ɗalibin da ke son aika saƙo gida sai ya nemi takarda da ambulan da kan sarki. Ko bayan jami'ar ta samu cibiyar kwamfuta, wadda yau take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978, na'urar tana killace ne a gini guda, mai son taɓa ta sai ya zo da dalili. Ƙofa da kwaɗo sun isa doka. Al'amarin ya juya daga 2001, shekarar da MTN da Econet suka fara sayar da layin salula a Najeriya. Yau kowane ɗalibi a ɗakunan kwana na Suleiman da Amina da Ribadu yana yawo da kwamfutarsa a aljihu, don haka dole makarantu suka koma rubuta ƙa'ida.

Dalilin farko shi ne layin makaranta na kowa ne. Duk faɗin hanyar intanet da aka sayo, iyaka gare ta. In mutum goma suka zauna sauke finafinan Indiya da wasannin ƙwallon Ingila, mai neman maƙala a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim shi ke shan jira. Shi ya sa irin waɗannan ƙa'idoji, a ko'ina cikin duniya, suke fifita karatu da bincike, su hana kasuwanci da layin makaranta, da hotunan batsa, da sauke littafi ko manhaja ta hanyar sata. Ba wanda zai kai ɗalibi gaban kwamiti don ya gaida mahaifiyarsa ta WhatsApp. Abin da ake gudu shi ne a mai da kayan jama'a gonar mutum ɗaya.

Imel kuma batun suna ne. Adireshin da ya ƙare da abu.edu.ng yana gaya wa wanda aka aika wa cewa mai saƙon ɗan gida ne, kuma da wannan shaida mawallafa da jami'o'in waje suke buɗe masa ƙofa. Wanda ya yi amfani da shi wajen tallan haja ko yaɗa ji-ta-ji-ta ko yaƙin neman zaɓe, sunan makaranta ya ara ba da izini ba. Akwai kuma abin da sababbin ɗalibai ba su cika lura da shi ba: akwatin na makaranta ne, kuma masu kula da na'urori suna iya gano wa ya shiga, yaushe, daga ina.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar sirri. A ƙa'ida, duk abin da aka aikata da lambar ɗalibi da kalmarsa, shi ya aikata. Amma a je shagunan intanet da buga takardu na Samaru, daura da ƙofofin jami'a, ko na Sabon Gari, a lokacin rajista. Ɗalibi zai miƙa lambarsa da kalmar sirrinsa a guntuwar takarda, ya ce "Malam, a taimaka a yi mini, zan dawo bayan la'asar," ya tafi abinsa. Wasu ma mai shagon ne ya buɗe musu imel tun ranar cika takardar JAMB, shi ya zaɓi kalmar, shi kaɗai ya riƙe ta. Yawancin masu shagunan mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, kuma ba don su ba da ɗalibai da yawa ba su gama rajista a kan lokaci ba, musamman in babu wuta ko shafin makaranta ya cushe. Sai dai takardar nan takan kwana a kan tebur, kwamfutar kuma hannu ɗari ke taɓa ta. Ranar da aka wayi gari an canja wa ɗalibi kwas, ko an aika saƙon damfara da sunansa, "ai ba ni ba ne" ba ta da nauyi a gaban kwamitin ladabtarwa. Maganin bai fi minti biyu ba: a canja kalmar da zarar an bar shagon. Ƙalilan ne ke yi.

A ɗakin jarrabawa babu sassauci. A manyan makarantun ƙasar nan, samun waya a jikin ɗalibi laifi ne ko da a kashe take, hukuncin kuma yakan kai ga dakatarwa ko kora. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri. Hukumar JAMB, wadda ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, har agogon hannu ba ta bari a shiga da shi.

Duk da haka, hannun makaranta bai kai ko'ina ba. Mafi yawan abin da ɗalibi ke yi a intanet da datarsa yake yi, wadda ya saya da kuɗinsa, a kan layin da tun ƙarshen 2020 gwamnati ta ce a haɗa da lambar ɗan ƙasa. Nan dokar ƙasa ke karɓar aiki. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin kwamfutar wani da sojan gona da sunan wani, ta kuma wajabta wa shagunan intanet yin rajista da ajiye bayanin masu shiga. Sashe na 24, kan saƙonnin cin zarafi, ya zo da tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara uku, kuma shi ya fi jawo ce-ce-ku-ce, don an sha kama 'yan jarida da shi. A watan Nuwamba na 2022 aka tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, sai da ƙungiyoyin ɗalibai suka tayar da jijiyar wuya kafin a janye ƙarar. An yi wa sashen kwaskwarima a 2024, aka rage faɗinsa. Ƙa'idar makaranta ma tana iya faɗawa wannan rami: in aka rubuta "ɓata sunan makaranta" ba tare da fayyace ma'ana ba, ɗalibin da ya ɗauki hoton famfon da ya bushe a ɗakin kwana yana iya samun kansa a layi ɗaya da mai damfara.

Nauyin kuma ba a kan ɗalibi kaɗai yake ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, makarantu na ciki. Sakamakon jarrabawa, lambar waya, takardar asibitin makaranta, duk amana ce a hannun ofis. Malamin da ya jefa jerin sunaye da maki cikin zauren WhatsApp na aji, inda kowa zai iya turawa gaba, shi ma yana da tambayar da zai amsa.