Barbarar Tarwada a Bayan Gida: Riba da Haɗarin Kifin da Ke Fin Ƙarfin Tankinsa

YANGOJI, Abuja: Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Lakwaja zai ratsa Yangoji, a Ƙaramar Hukumar Kwali. Fili a nan ya fi na cikin birni sauƙin samu, ga babbar hanya a bakin ƙofa, ga kuma masu cin kifi a Gwagwalada da Abuja. Saboda haka ne mai ɗan jari a irin wannan gari yake ganin tankin siminti ko na tamfol a bayan gida sana'a ce da ta fi ajiye kuɗi a banki. Amma kafin ya zuba ruwa, ya kamata ya san irin kifin da zai saka.

Kifin da ake magana a kai shi ne barbarar tarwada da ramboshi, wanda masana suke kira Heteroclarias. Masu bincike biyu, Hecht da Lublinkhof, su ne suka ba da rahoton haɗa irin a Afirka ta Kudu a 1985. A Nijeriya kuwa, Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabon Busa, kusa da Tafkin Kainji, tana cikin waɗanda suka yi aiki a kansa. Dalilin haɗin a fili yake. Tarwada tana da jimiri kuma tana saurin balaga, shi kuwa ramboshi ya fi ta girma, har wani irinsa yakan kai mita 1.5 da nauyin fiye da kilo 50 a manyan koguna. Ɗan da aka samu yakan ɗauko ƙarfin jikin wannan da saurin girman wancan. Ana gane shi da ɗan guntun fiffiken tsoka a bayansa kusa da wutsiya, wanda tarwada zalla ba ta da shi.

Abin da ya sa kiwon ya yiwu a cikin gida shi ne dangin tarwada suna da wata gaɓa a saman matacinsu wadda suke shaƙar iska da ita kai tsaye. Don haka ana iya tara su da yawa a ƙaramin wuri, inda karfasa za ta mutu. Idan abinci ya wadata, kifin yakan kai kilo ɗaya cikin wata 5 zuwa 6.

To, a nan ne lissafin yake soma wuya. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, domin kifin yana bukatar abinci mai gina jiki da ake haɗawa da garin kifi da waken soya da masara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni na shekarar, farashin buhun abinci da na man janareto suka yi sama. Mai tanki ba shi da zaɓi a kan ruwa: kashin kifi da ragowar abinci suna gurɓata shi, dole a riƙa sauyawa a kai a kai, kuma kowane sauyi yana nufin tayar da injin rijiyar burtsatse.

Sa'an nan ga halin kifin kansa. Barbaran yana da haɗama, kuma wanda ya riga 'yan'uwansa girma yakan haɗiye su. Wanda bai riƙa tace kifinsa yana ware manya daga ƙanana ba a watannin farko, zai zuba dubu ya kwashi abin da bai kai haka ba, alhali kuwa babu ɓarawon da ya shigo. Bugu da ƙari, ba a dogara da barbara wajen fitar da iri, watau kowane zango sai an koma wurin masu ƙyanƙyasa an sayo sababbin 'ya'ya. Ingancin wurin da aka saya shi ne rabin ribar.

Babban kuskure shi ne barin kifi ya wuce lokacinsa domin sha'awar ganin ƙato. A Turai da Amurka masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi sun san wannan matsala da barbarar wasu manyan tarwadun Kudancin Amurka, waɗanda ake saya kamar ɗan yatsa su girma su doshi mita guda, har mai gida ya rasa inda zai kai su. Ga ɗan kasuwa abin ya fi tsanani, domin gwargwadon girman kifi, gwargwadon abincin da zai ci kafin ya ƙara kilo ɗaya. Gidajen farfesu suna son babba, masu banda suna son matsakaici, dillalan da ke kai wa kasuwar kifi ta Kado a Abuja kuma suna da nasu ma'auni. Wanda ya kai ranar kwasa bai yi magana da kowa ba, farashin da aka yanka masa shi zai karɓa, tun da kifi ba ya jiran ciniki da yunwa.

Bukata dai tana nan. Alƙaluman da gwamnati ta sha bayarwa sun nuna ƙasar tana bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce sulusin haka ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka. Sai dai kasuwar waje tana da sharuɗɗa: a 2018 Amurka ta hana shigar da bandar tarwada daga Nijeriya saboda ba a cika ƙa'idojinta na binciken lafiyar abinci ba.

Shawarar masu sanin sana'ar ga mai niyya a Yangoji ita ce ya fara da tanki ɗaya ko biyu, ya tanadi kuɗin abincin zango ɗungurungum kafin ya sayi 'ya'yan kifi, ya tabbatar da ruwan da ba ya yankewa da rani, ya kuma haƙa magudanar da ba za ta kai wari gidan maƙwabta ba. Sa'an nan ya san mai sayensa, da nauyin da yake so, tun kifin yana ƙarami.